Takobin Soso: Littafin Aikinmu a Kan Ines Boubakri

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah na buɗe wannan littafi, don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana kada ya watse mini. Ranar Litinin Hajiya shugabar makarantarmu ta tara mu, ta ce duk malamar da ke riƙe da ƙungiyar ɗalibai ta fara shirin abin da za ta nuna ranar ba da kyaututtuka a ƙarshen zango na uku. Ni ƙungiyar wasanni da motsa jiki ce a hannuna, 'yan mata ashirin da biyu, daga aji huɗu zuwa aji shida. Shekara uku ke nan fareti da tsallen igiya muke yi a wannan rana. Bana na ce wa Hajiya abu biyu nake so mu yi: ɗan ƙaramin littafi da Hausa a kan rayuwar wasan Ines Boubakri, 'yar Tunisiya mai wasan takobi, sannan nuni na minti goma a gaban iyaye don su ga yadda wasan yake. Ta dube ni ta ce, "Malama, takobi kuma? A makarantar mata?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni wata guda. In bai kwanta miki ba sai mu koma igiyarmu." Ta ce Allah ya taimaka.

Ga abin da ya sa na zaɓe ta. Ranar 10 ga Agusta, 2016, a gasar Olamfik ta birnin Riyo a Brazil, ta doke Aida Shanayeva ta Rasha da maki 15 da 11, ta karɓi lambar tagulla. Kafin wannan rana babu wata mace daga nahiyar Afirka da ta taɓa samun lamba a wasan takobi a Olamfik. An haife ta a birnin Tunis ranar 28 ga Disamba, 1988, kuma gado ta yi, domin mahaifiyarta Henda Zaouali ta wakilci Tunisiya a wannan wasa a Olamfik ta Atlanta a 1996. Ɗalibaina sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da Sifen har da masu zaman benci, amma da na ce su kawo mini sunan mace ɗaya daga Afirka ta Arewa da ta ci lamba a kowane irin wasa, sai aji ya yi tsit. Wannan shirun ne ya tsaya mini a rai.

Sunan ya ba su wuya da farko. Da na ce musu ai Bubakar ɗinmu ne a bakin mutanen can, sai suka koma kiranta 'yar Bubakari. Na ƙyale su.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau muka auna fili. Filin wasan ziri ne, tsawonsa mita 14, faɗinsa mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma barandar ɗakin taro ta ishe mu har da saura. Na aro tef wajen kafintan makaranta, muka ja layuka da alli: layin tsakiya, layukan tsayuwa guda biyu kowanne mita biyu daga tsakiya, sai layin ƙarshe, wanda duk wadda aka kora har ta ƙetare shi da ƙafafu biyu an ci ta maki. Hazo ya yi yawa, kafin mu tashi ƙura ta fara cinye allin. Sai na nemo fenti.

Takubban wasan iri uku ne, kuma sai da na rarrabe su a kaina kafin na iya rarrabe wa yara. Akwai efe, mafi nauyi, wanda duk inda aka soki mutum da shi, daga ka har ƙafa, maki ne. Akwai saba, da ake sara da suka da shi daga ƙugu zuwa sama. Sai foyil, wanda shi ne na Ines: siriri ne mai lanƙwasa, nauyinsa ba ya wuce giram 500, tsawonsa gaba ɗaya ba ya wuce santimita 110, ruwansa kuma 90. Ba shi da kaifi. A bakinsa wani ɗan maɓalli ne, wanda sai an danna shi da ƙarfin da ya kai nauyin giram 500 kafin fitilar da ke nuna an yi suka ta kama. Don su gane wannan awo sai na miƙa wa kowace ledar fiya wata guda ta riƙe a tafin hannu. Na ce nauyin takobin duka bai wuce wannan ba, ƙarfin da za a danna bakinsa ma wannan ne.

Gangar jiki kawai ake nema da foyil, gaba da baya. Shi ya sa suke ɗora wata falmaran mai zaren ƙarfe a kan fararen kayansu. In baki ya taɓa falmaran, fitila mai launi ta kama, ja ga wannan, kore ga waccan. In ya sauka a hannu ko a cinya, farar fitila ce, alƙali ya tsai da wasa, ba maki.

Sauran lokacin tafiyar ƙafa muka yi, ba takobi. Gwiwa a lanƙwashe, ƙafar gaba ta fara, ta baya ta biyo, ba a taɓa haɗa su. Bayan minti goma cinyoyi suka fara rawa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na je gida Ƙofar Ƙaura gaida Baba, na nuna masa wasan Riyo a waya. Baba ya shekara fiye da talatin yana hawa a tawagar hakiminmu duk Sallah, takobinsa na nan rataye da hamilarsa a turakarsa. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ce, "Uwata, wannan ai tsinke ne ba takobi ba. Amma ƙafar yarinyar nan ta san aiki." Ya sa na maimaita masa wani wuri sau uku, inda take ja da baya taki biyu, abokiyar karawarta ta biyo, sai ta kaɗe ruwan ta soka. Ya ce haka ake yi wa doki mai gaggawa, a ba shi linzami kaɗan ya zaci ya samu.

Abin da ya fi burge shi gaisuwar da suke yi. Kafin a fara, kowace sai ta ɗaga takobi ta gaida abokiyar karawarta da alƙali da 'yan kallo, kuma doka ce, wanda ya ƙi ana hukunta shi. Ya ce, "To ai jinjina ce." Na rubuta kalmar nan take, da ita za mu yi aiki a littafin.

Daga nan hira ta tafi kan takubba. Ya ba ni labarin Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Korau, kamar yadda ya ji a bakin nasa iyayen. Ya ciro nasa daga kube ya nuna mini inda maƙeri ya yi ƙota da inda baduku ya yi kube, ya ce shi ruwan a zamanin da sau da yawa daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo shi. Wannan ya yi daidai da abin da ke cikin tarihi: ayarin raƙuma na tashi daga Katsina ta Agadas da Gat zuwa Gadamas, daga can kaya su kai Tarabulus da Tunis, kuma ruwan takubba da yawa da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa ƙirar garin Solingen ne na Jamus. Na yanke shawarar shafin farko na littafin da wannan hanya zai buɗe. Ina so yarinyar da ta karanta ta san garin Ines yana bakin wata hanya da kakanninta suka daɗe suna bi.

Da zan tafi ya ce, "Ki dai kula da idon ɗiyan mutane."

Asabar, 1 ga Fabrairu

Maganar Baba ba ta yi mako ba. Jiya da la'asar na tarar da biyu daga cikinsu bayan ɗakin kwana, kowace da karan dawa, suna tsokanar juna a fuska suna dariya. Gabana ya faɗi. Na karɓe karan, yau kuma na tara su duka na ba su labarin Vladimir Smirnov. Ɗan Tarayyar Sobiyet ne, shi ya ci zinaren foyil a Olamfik ta Mosko a 1980, ya zama zakaran duniya a 1981. A gasar duniya ta birnin Rum a Yulin 1982, yana karawa da Matthias Behr na Jamus ta Yamma, ruwan takobin Behr ya karye, guntun ya huda ragar hularsa ya shiga ta ido. Bayan kwana tara ya rasu. Wannan mutum yana sanye da hular kariya ta gaske, a gaban alƙalai da likitoci. Bayan rasuwarsa ne aka tsananta doka a kan irin ƙarfen da ake ƙera ruwa da shi, da ƙarfin ragar hula, da yadin da ake ɗinka riga.

Dokarmu daga yau: ba kara, ba sanda, ba rula. Na je wajen masu katifa a kasuwa na sayo ragowar soso, muka yanka shi tsawon santimita 90, muka naɗe da tsumma muka ɗaure. Yana lanƙwashewa, ba ya tsayawa sosai, amma ba ya cire ido. Wani mai walda ya ce zai yi mana huluna da ragar taga. Na ce ya yi guda biyu don kwalliyar nuni kawai, ba zan bari a kai musu suka ba. Duk abin da za mu nuna shiryayye ne, a hankali, ƙasa da wuya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako biyu na yi ina fama da doka ɗaya, yau Allah ya warware mini ita ta bakin ɗaliba.

Matsalar ita ce: a foyil sau da yawa fitilu biyu kan kama tare, ja da kore, kowace ta soki 'yar'uwarta, amma alƙali ya ba mutum ɗaya maki. A efe ba haka ba ne, in sukan ya zo tare kowa ya samu. Yarana duk lokacin da suka ga haka a bidiyo sai su ce an yi coge. Na yi ta bayani cewa wadda ta fara miƙa hannu, bakin takobinta na nufin jikin abokiyar karawa tana matsowa, ita ke da iko da wannan hari. Ɗayar ba ta da damar ta rufe ido ta soka kawai. Dole ta kaɗe ruwan da ke zuwa, ko ta goce har harin ya faɗi a banza, sannan ikon ya dawo wajenta ta rama. In ta rama aka kaɗe nata, ya sake komawa. In kuwa su biyun suka taso lokaci guda, ba wadda za a ba. Na gwada kiran abin fifiko, na gwada haƙƙin hari, na gwada rigaye. Suna gyaɗa kai, amma ina ganin idonsu, bai shiga ba.

Yau muna kallon wani wuri da na maimaita sau biyar, sai wata 'yar aji biyar, wadda mahaifinta ke tuƙa Keke Napep, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe hannu ne." Na ce wane hannu? Ta ce, "Irin na titi. In mota biyu suka yi karo a shataletale, duka sun bugi juna, amma ana tambaya hannun wa ne. Wanda ya shigo ba hannunsa ba shi ke da laifi." Kafin in buɗe baki sauran sun ɗauka: "Hannun ja ne!" "A'a, ta kaɗe, hannu ya koma kore!" Muka sake kunna wasan daga farko, suna faɗin hukunci kafin alƙali ya ɗaga hannu, kuma mafi yawan lokuta suna dacewa da shi.

Na daɗe ina tunanin wannan doka bayan sun tafi. Asalinta daga zamanin da foyil yake takobin koyo ne, ana horar da mutum don ranar da zai riƙe mai kaifi. Malamin wancan zamani ba ya yaba wa ɗalibin da ya soki abokin gaba alhali shi ma an soke shi, domin da gaske ne da gawa biyu za a ɗauka. Don haka aka gina wasan a kan ka tsare kanka tukuna. A ganina wannan ne ya sa foyil ya fi sauran daɗin kallo ga wanda ya gane shi. Kamar muhawara ce tsakanin malamai biyu masu ladabi: wannan ya kawo hujja, wancan sai ya rushe ta kafin ya kawo tasa, duk a cikin ƙiftawar ido.

Na goge babi na biyu gaba ɗaya. Sabon sunansa "Hannun wa ne?"

Laraba, 19 ga Fabrairu

Babin Landan. Ines ta fara zuwa Olamfik a Beijin a 2008 tana 'yar shekara 19, amma a Landan a 2012 ne duniya ta san da ita. Ta kai kwata fainal, ta haɗu da Valentina Vezzali ta Italiya. Sai an san Vezzali kafin a san nauyin wannan haɗuwa, don haka na ba ta shafi guda. 'Yar garin Jesi ce, an haife ta a 1974, ta ci zinaren Olamfik na ɗaiɗaiku sau uku a jere, a Sidni 2000, Atens 2004 da Beijin 2008, ta kuma zama zakarar duniya ita kaɗai sau shida. Lokacin da Vezzali ta karɓi lambarta ta farko a Atlanta a 1996, Ines na 'yar shekara bakwai, mahaifiyarta ce ke filin.

Ana yin irin wannan wasa zuwa maki 15, a zango uku na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Nasu bai kai 15 ba. Lokaci ya ƙare kowace na tsare da kanta, aka tashi 8 da 7, Vezzali ta wuce. Suka ɗaya tak. A wannan rana 'yan Italiya suka kwashe lambobin uku: Elisa Di Francisca zinare, Arianna Errigo azurfa, Vezzali tagulla.

Kwana kaɗan bayan haka, ranar 31 ga Yuli, Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya kai wasan ƙarshe a foyil na maza, Lei Sheng na Sin ya doke shi 15 da 13. Azurfarsa ita ce lambar farko da wani ɗan Afirka ya samu a wasan takobi a Olamfik. Na sa shi a ƙarshen babin, don yara su ga a mako guda ƙofa ta buɗe wa namiji, ta macen kuma maki ɗaya ya hana ta kusantarta, sai da ta jira shekara huɗu.

Wani abu da ban yi zato ba: Ines bahaguwa ce. A ƙungiyarmu akwai bahaguwa ɗaya, yarinya mai kunya da ke zama can baya, wadda tun tana ƙarama ake buge mata hannu in ta miƙa abu da hagu. Da na faɗa musu cewa a wannan wasa ana shakkar bahago kamar yadda ake shakkarsa a dambe, saboda yawancin 'yan wasa da na-dama suka saba karawa, sai duk suka juya suna kallonta. Ta sunkuyar da kai. Amma da aka tashi ita ta fara ɗaukar soso.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hajiya ta kira ni ofis. Wani uba ya zo ya ce ya ji ana koya wa 'yarsa faɗa da makami, kuma wane irin kaya za su sa a gaban maza? Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma zan tambaya. Na ce a ba ni dama in gan shi. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ga takobin," na miƙa masa soson. Ya juya shi a hannu ya yi murmushi. Sannan na nuna masa hoton kayan wasan: daga wuya har idon sawu a rufe, hannun riga dogo, safar hannu, doguwar safa, fuska ma a cikin hula. Na ba shi labarin Ibtihaj Muhammad, Ba'amurkiya Musulma mai wasan saba, wadda ta shiga Olamfik ta Riyo da hijabinta a ƙarƙashin hula, ita ce mace ta farko da ta wakilci Amurka a Olamfik da hijabi, kuma ta dawo da tagulla tare da tawagarta. Na ce namu yaran da hijabinsu da dogon wandonsu da riga har gwiwa za su fito. Ya ce shi dai kada a ji ciwo, kuma ranar zai zo ya gani da idonsa. Hajiya ta ce wata gudan da na roƙa ya cika, a ci gaba.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, na dakatar da atisaye. Rubutu nake yi bayan tarawihi in akwai wuta, in babu da fitilar waya.

Na gano kuskuren da na yi a tsarin littafin. Na jera lambobinta kamar ƙirgar kaya: tagulla a gasar duniya ta Kazan a Rasha a 2014, tagulla a Riyo a 2016, tagulla a gasar duniya ta Wuxi a Sin a 2018. Mai karatu zai ce tagulla uku, duk ɗaya. Ba ɗaya ba ne. A gasar duniya duk wadda aka cire a wasan kusa da na ƙarshe tagulla take samu, su biyu, ba sai sun sake karawa ba. Haka aka yi a Kazan, inda Ines ta hau mumbari ɗaya da Vezzali, kowace da tagullarta, shekara biyu bayan 8 da 7 ɗin nan. A Olamfik kuwa tagulla ɗaya ce. Waɗanda aka cire su biyu sai sun dawo fili a wannan yinin, ɗaya ta tafi da lamba, ɗaya ta tafi hannu rabbana.

Ga yadda yinin Riyo ya kasance, domin duk gasar ɗaiɗaiku a rana guda ake yinta. A kwata fainal ta cire Eleanor Harvey ta Kanada, wadda ba ta jima da fitar da Errigo ba, alhali Errigo ce ta ɗaya a duniya a lokacin. A wasan kusa da na ƙarshe ta gamu da Di Francisca mai riƙe da kambun Landan, ta sha kashi 12 da 9. Zinaren da ta yi shekaru tana nema ya kuɓuce. Ba a ba ta kwana ta yi kuka ta huce ba. Kafin a yi wasan ƙarshe, wanda Inna Deriglazova ta Rasha ta ci Di Francisca 12 da 11, sai da aka sake kiran sunanta, ta saka hula, ta jona wayar fitila a bayan falmaranta, ta yi jinjina, ta fuskanci Shanayeva. Bayan ta ci, ta sadaukar da lambar ga matan Tunisiya da matan Larabawa.

Wannan ɗan tsakanin, daga faɗuwa zuwa sake kiran suna, shi ne abin da nake so 'yan matan nan su tsaya a kansa. Na sha ganin ɗaliba mai ƙoƙari ta faɗi takardar safe, sai ta shiga ta rana da jajayen ido ta zubar da ita ma, alhali ta san amsar. Na mai da babin Riyo tsakiyar littafin, na ba shi shafi shida, sauran lambobin na taƙaita su.

Wata daga cikin 'yan aji shida ta kawo shawara mu sa wurin da mahaifiyar Ines ke kiranta a waya tana lallashinta. Shawarar ta yi kyau a wasan kwaikwayo, amma na ƙi. Matar nan tana raye, mahaifiyarta ma mutum ce mai suna, ba za mu sa musu magana a baki ba. A nunin, yarinyar za ta zauna a benci, hula a cinya, soso a ƙasa, ba wanda zai ce uffan har a ƙirga ashirin. Sannan alƙaliya ta kira.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na tsaya kallon hawa wajen Ƙofar Soro, sai na kama kaina ina kallon yadda mahaya ke riƙe takobi maimakon kwalliyar dawaki. Baba bai hau ba bana saboda gwiwa, amma ya ba ni aron hamilarsa mu rataya a jikin allon nuni, ban da takobin.

Na rubuta babin ƙarshe. Ines ta yi yawancin horonta a Faransa, mijinta Erwann Le Péchoux shi ma ɗan foyil ne, ya ci azurfa da tawagar Faransa a Riyo, sannan zinare a Tokiyo. A Olamfik ta Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, Ines ba ta samu lamba ba, amma tana cikin biyun da suka riƙe tutar Tunisiya ranar buɗe gasa, kamar yadda Abouelkassem ya riƙe ta Masar. A Faris a 2024 kuma Fares Ferjani na Tunisiya ya ci azurfa a saba, Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla a efe. Harvey ɗin nan da Ines ta cire a Riyo ita ma ta samu tagullarta a Faris, bayan shekara takwas. Na sa wannan a layi biyu, na san yaran za su lura.

Asabar, 3 ga Mayu

An dawo hutu. Fentin baranda ya ɗan koɗe, mun sake bi. Littafin ya kai shafi 28 da rubutun hannu, malamar Hausa ta karɓa za ta duba mini ƙa'idar rubutu, musamman kalmomin da muka zaɓa: hannu, jinjina, kaɗewa, ramuwa, zabura. Ta ce zabura, wato takun da ake yi gaba da sauri don kai suka, ba ta cika nuna yadda ƙafar baya ke tsayawa a miƙe ba, ta fi son "miƙa". Ba mu gama wannan gardama ba.

Alƙalan wasan a gasannin ƙasa da ƙasa da Faransanci suke ba da umarni, domin a Faris aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1913. Mu da Hausa za mu yi: "Ku gyara tsayuwa. Kun shirya? Ku fara." In za a tsai da wasa, "Dakata!" 'Yar mai Keke ce alƙaliya, ba wadda ta yi musu. Maimakon fitilu, yara biyu za su zauna a gefe da faya-fayai, ɗaya ja da fari, ɗaya kore da fari, su ɗaga in an taɓa.

Bahaguwar ce za ta fito a matsayin Ines. Ƙafarta ta yi kyau ƙwarai, ramuwarta ma, amma har yanzu in ta zo jinjina ga 'yan kallo sai ta dubi ƙasa. Na tuna mata kirarinmu, Katsinawa kunya gare ku ba dai tsoro ba, na ce kunyar ta isa haka, ta ɗaga kai daƙiƙa biyu kawai. Yau ta yi ɗaya.

Abin da ya rage: hulunan mai walda sun zo amma ɗaya ta yi wa mai fitowa a Shanayeva yawa, sai an cusa soso a ciki. Telan makaranta bai fara falmaran ba, yana jiran in kawo yadi mai ruwan toka. Ban samu mai buga littafin da kuɗin da ƙungiya za ta iya ba, ranar Talata zan zagaya wajen masu buga takardu biyu da aka kwatanta mini. Ranar Alhamis bayan la'asar za mu yi gwajin farko gaba ɗaya a gaban Hajiya, kuma har yanzu masu faya-fayai suna ɗaga fari in an taɓa kafaɗa ta ciki, alhali falmaran ta rufe wurin.